Wai zama a lambu zaman kashe wando ne

To, na ga sharhin. Na kuma ga waɗanda suka danna masa alamar dariya, har da mutanen da nake ganin girmansu. Ba zan kama suna ba, mai abin ya san kansa, kuma duk wanda ya bi hoton da na saka ranar Lahadi ya karanta abin da ya rubuta. Wai na ƙetare teku na zo na zauna gindin bishiya kamar mai jiran motar kasuwa. Wai zaman kashe wando ne aka sauya wa ƙasa. Madalla. Allah ya ƙara basira, Yallaɓai.

Abin da ya fi ƙona mini rai, bawan Allahn nan ya zo Madrid bara, kwana biyar ya yi a ɗakina. Kwana biyar cur. Ya je filin Bernabéu ya biya kuɗi ya ɗauki hoto da kofuna, ya bi shagunan Gran Vía ya cika akwati biyu da turare da takalma, har sai da muka biya kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi. Ranar da na ce mu leƙa Retiro, babban lambun shaƙatawa na tsakiyar Madrid, muna tsaye a tsohuwar ƙofar gari ta Puerta de Alcalá, ga ƙofar lambun nan ko jifa ba ta kai ba, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bishiya ce ba mu da ita a gida?" Muka juya. Ya koma gida yana ba da labarin ya ga Madrid. Kanti ya gani, wallahi, bai ga Madrid ba.

Na faɗa a sharhi, zan maimaita a nan da babbar murya: wanda ya zo wani gari a Sifaniya bai zauna a lambun garin ba, bai ga garin ba.

Retiro ɗin da kake rainawa ya haura hekta 100, a tsakiyar birnin da hayar ɗaki ɗaya take cinye rabin albashin mutum. Tun shekarun 1630 aka shimfiɗa shi domin Sarki Felipe na Huɗu ya riƙa hutawa da fadawansa. Talaka sai dai leƙe ta katanga. Ko da aka fara barin mutane su shiga a ƙarni na 18, sai da aka gindaya sharaɗin shiga mai kyau. Sai a 1868, da aka yi juyin da ya kori Sarauniya Isabel ta Biyu, aka miƙa shi ga mutanen gari. Casa de Campo, wanda ya ninka Retiro fiye da sau goma, dajin farautar sarakuna ne, ba a buɗe wa jama'a shi ba sai a 1931 bayan sarki ya bar ƙasar an kafa jamhuriya. Ka lura? Sau biyu sai da sarauta ta faɗi kafin ɗan talaka ya samu ciyawar da zai miƙe ƙafa a kai. A 2021 UNESCO ta saka Retiro cikin wuraren tarihi na duniya. Amma ina, ai Yallaɓai ya fi UNESCO sani, bishiya ce kawai.

Bari in kai ka Valencia, tun da ƙwallonsu kaɗai ka sani. A watan Oktoban 1957 kogin Turia ya yi ambaliya ya shiga gari, mutum sama da 80 suka rasu. Hukuma ta yanke shawarar a karkatar da kogin ya bi ta kudancin birnin. Sai aka wayi gari ga tsohuwar hanyar ruwa, busasshiya, mai faɗi, ta ratsa tsakiyar gari daga wannan gefe zuwa wancan. Masu mulki suka zana babbar hanyar mota a ciki. Mutanen gari suka ce ba su yarda ba. A shekarun 1970, lokacin da faɗin albarkacin baki a ƙasar nan ba abin wasa ba ne, suka fito da take guda, ma'anarsa: kwarin kogin nan namu ne, kuma kore muke son sa. Suka dage har suka ci. A 1986 aka buɗe lambun, yau tsawonsa ya kai kusan kilomita 9. Na taka shi da ƙafata daga farko har ƙarshe. Kana tafiya a ƙasan tsofaffin gadojin dutse da aka gina domin ruwa, yanzu yara ne ke buga ƙwallo a ƙarƙashinsu, motoci na can sama ba ruwanka da su. Akwai wani ƙaton mutum-mutumi a kwance da yara ke hawa suna sulalowa ta jikinsa, iyaye na gefe suna ɓare ɗanyen 'ya'yan itace. Babu mai gadi da ya tare ni, babu wanda ya tambaye ni ko sisi.

Ku yi mini adalci, jama'a. Da a wasu garuruwan da ni da ku muka sani ne kogi ya bar fili irin wannan, kafin laka ta bushe an yanka fuloti, an raba takardu, an jera shaguna da gidan mai. Kuma irin su Yallaɓai ne za su fara cewa an kawo ci gaba. Shi ya sa maganarsa ta tsaya mini a wuya. Mutumin da yake ganin inuwa ba komai ba ce, shi ne gobe zai sa hannu a sare ta.

A nan Madrid ma haka aka yi a bakin kogin Manzanares. Babbar hanyar M-30 ce ta raba unguwanni da kogin shekara da shekaru, aka tura ta ƙarƙashin ƙasa, aka dasa itatuwa a samanta, a 2011 aka kammala abin da ake kira Madrid Río. Bashin da birnin ya ci a kan aikin ba kaɗan ba ne, har yau ana gardama a kai. Amma je ka da yamma a watan Yuli ka ga yaran unguwannin kudu, 'ya'yan masu wanke-wanke da masu gini, suna tsalle cikin ruwan da ke fesowa daga ƙasa, sannan ka dawo mu yi lissafi.

Yanzu bari in ajiye gatse in gaya muku gaskiyata. Shekarata ta farko a ƙasar nan, mu huɗu ne a ɗaki ɗaya, tagarsa na kallon bangon maƙwabta. Aikin yau akwai gobe babu. A garin nan kujera ma kuɗi ce, in ka zauna a gidan shan gahawa minti biyu ba a yi ba an zo tambayar me za a kawo maka. Wuri ɗaya tak na samu da zan zauna awa uku ba wanda ya dube ni, shi ne bencin lambu. A can na riƙa kiran mahaifiyata, don kada ta ji hayaniyar ɗaki ta gane halin da nake ciki. A can na koyi rabin Sifaniyancin da nake ji, wajen wani tsoho da ke zuwa kullum da jarida da sanda, yana gyara mini magana yana dariya. Wata rana na daina ganin sa, ban san gidansa ba, ban san wa zan tambaya ba. In na ga an kira wannan zaman kashe wando, ba hotona kaɗai aka zaga ba.

Kuma a lambun ne za ka san su wane ne mutanen garin. Idan rana ta yi sanyi kowa ya fito: tsofaffin mata da maficinsu sun jeru a benci ana gulmar unguwa, kakanni na tura jikoki, 'yan matan Latin Amurka na tura tsofaffin da suke jinya a keken guragu, masu gudu na gudu, masoya sun yi hayar kwalekwale a tafkin Retiro suna ta zagaye wuri ɗaya don ba su iya tuƙi ba. Mai kuɗi da mai shara famfo ɗaya suke shan ruwa. Wanne kanti ne a Gran Vía zai nuna maka wannan? Wanda bai zauna a lambu ba bai ga garin ba, na sake faɗa.

Na san abin da za ku ce. Wani ya riga ya rubuto mini cewa ai Park Güell na Barcelona da kuɗi ake shiga. Sannu da bincike. Asalinsa ma unguwar masu hannu da shuni aka so ginawa, attajiri Eusebi Güell ya ɗauko mai zanen gine-gine Gaudí a 1900, aka tsara gidaje 60, biyu kacal aka gina, kasuwa ta ƙi, a 1926 aka mai da shi na jama'a. 'Yan yawon buɗe ido suka yi masa yawa har aka sa tikiti a 2013, a 2025 ya kai Yuro 18, maƙwabtan wurin kuwa kyauta suke shiga. Abin ya kai a 2024 sai da aka cire motar bas mai lamba 116 da ke zuwa wurin daga taswirar Google, don baƙi su daina cika ta, tsofaffin unguwar su samu wurin zama. Wannan ya zama gidan kallo, ba shi nake magana ba. Sauko lambun Ciutadella a cikin Barcelona ɗin ka shimfiɗa mayafinka, ko ƙwandala ba za ka biya ba.

Wani kuma ya ce ai za ka ga abin da ido bai so. Za ka gani. A titi ma ka gani, a jirgin ƙasa ka gani, a filin ƙwallon ma da ka biya kuɗi ka gani, ban ji ka fasa zuwa ba. Allah ya ba ka wuya mai juyawa, kawar da kai. Karnuka? Akwai su birjik, duba ciyawa kafin ka shimfiɗa darduma, shi ke nan. Ana rufe Retiro in an yi hasashen iska mai ƙarfi ko zafi ya tsananta, ni ma abin na ba ni haushi, amma a 2018 bishiya ta faɗo a kan yaro ɗan shekara 4 a ciki ya rasu, don haka na yi shiru da bakina.

Abin dariyar ma, Yallaɓai ne kan gaba wajen saka hoton Alhambra, fadar sarakunan Musulmi a Granada, yana kukan Andalus ta tafi. Malam, me kake tsammani sarakunan Granada suka gina a Generalife, kusa da fadar? Lambu ne. Ruwa suka janyo daga kogin Darro ta magudana a jikin dutse don kawai su zauna a inuwa su ji ƙararsa. Kalmar da Sifaniyawa ke kiran irin wannan magudana da ita har yau, acequia, daga Larabci ta fito. Ashe su ma zaman kashe wando suka yi.

Sevilla kuwa, wata gimbiya ce ta ba garin kyautar lambun fadarta a 1893, shi ne María Luisa, inda dandalin Plaza de España yake. Da magajin garin ya kawo shawarar a fara karɓar kuɗi daga baƙi a dandalin a 2024, sai da ƙasar ta ɗauka da surutu.

Af, tun da na ambaci Sevilla, don Allah duk wanda zai je kada ya yi irin wautata. Itatuwan lemo ne reras a kan tituna, dubbai, sun nuna jawur suna faɗowa ƙasa ba mai ɗauka. Na ce lallai mutanen nan ba su san arziki ba. Na waiga hagu da dama, na tsinki ɗaya, na ɓare, na kai baki. Jama'a, maɗaci ƙaninsa ne. Wata tsohuwa da ke benci ta yi dariya har da share hawaye, ta ce wannan ai na Ingilishi ne, su suke dafa shi da sukari su shafa a burodi. Sai da na sha ruwa kwalba guda ɗacin bai bar harshena ba. Wai ma, akwai mai tasowa daga gida kafin ƙarshen wata? Yajina ya ƙare tun azumi.