Wa zai ɗauki alhakin wanda ya faɗo daga matakalar bene?

Benaye sai ƙara yawa suke yi a Zariya. Gidajen hayar ɗalibai a Samaru da Palladan da Kongo, rukunin shaguna a Sabon Gari da PZ, makarantun kuɗi da na Islamiyya, har da masallatan da aka ɗora wa hawa na biyu saboda cunkoso. Amma a yawancin gine-ginen nan, matakala ce abu na ƙarshe da ake tunawa da shi. Sai an gama raba fili tsakanin ɗakuna da shaguna, sannan a cusa ta a ɗan lungun da ya rage. Ranar da wani ya faɗo ya karye, a ce tsautsayi ne, a yi masa sannu, a watse. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma bai taɓa ɗauke wa mai sakaci alhaki ba, kuma mafi yawan abin da ke kayar da mutane a matakala, tef ɗin awo na iya nuna shi tun kafin a zuba kankare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, ita ce ta biyu bayan haɗarin hanya a jerin mace-macen da ke faruwa ba da gangan ba, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki ne.

Ga yadda lissafin yake. Tsayin kowane taki ya kamata ya tsaya tsakanin santimita 15 zuwa 18, wato inci 6 zuwa 7 a bakin magina, faɗin wurin ɗora ƙafa kuma santimita 25 zuwa 30. Idan daga daɓen ƙasa zuwa saman dekin mita 3 ne, taki 18 ake buƙata, kowanne santimita 16.7, kuma matakalar za ta ci fili kusan mita 4.8 a miƙe, ban da wurin hutawa na tsakiya. Mai gini ba ya son rasa wannan filin, sai ya ce a matse. Kafinta ya ɗaura katakon taki 14, kowanne ya haura santimita 21, faɗin ya koma 20. Takalmin babban mutum ya fi haka tsawo. Wajen hawa ba a cika ganin illar ba, wajen sauka ne rabin ƙafa ke rataye a iska.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne rashin daidaito. Ƙafa na koyon tsayin matakala daga taki biyu ko uku na farko, daga nan sai ido ya bar mata aikin. Bambancin da ya kai santimita 1 tsakanin wani taki da wani ya isa ya sa tuntuɓe. A nan mai tayil ke shigowa. An zuba matakala daidai, santimita 17 kowane taki. Daga baya a ƙara daɓe da tayil mai kaurin santimita 5 a ƙasa da kuma saman bene, amma a kan takunan santimita 2 kawai aka ɗora. Takin farko ya koma 14, na ƙarshe ya zama 20. Babu wanda ya yi mugunta, birkila da mai tayil ne ba su taɓa zama wuri ɗaya ba, kuma babu injiniyan da ya cire kaurin daɓe tun a lissafi.

Sai tayil mai sheƙi, wanda masu gida ke so don ƙawa. Da hunturu ƙura ta kwanta a kai ya yi santsi, da damina kuma, musamman a watan Agusta, feshin ruwa ya shigo ta buɗaɗɗen gefe. Ƙara da jiƙaƙƙen silifas bayan alwala, da babbar riga ko dogon hijabi da ke shiga ƙarƙashin ƙafa, da mace mai goyo ɗauke da bokiti. Matakala tana son tayil mai kaushi, da layin roba ko na alminiyam a bakin kowane taki, mai launi daban yadda ido zai gane gefen.

Ƙarfen dafawa kuwa tsayinsa ya zama santimita 90 zuwa mita 1, kaurin bututun ya zama wanda hannu zai iya damƙewa, santimita 3 zuwa 5, ya kuma kai har takin ƙarshe. Tazarar sandunansa kada ta kai santimita 10, don kan yaro na iya ratsawa. A duba gindinsa: sau da yawa mai walda ɗan guntun rodi yake samu ya liƙa, ruwan mofa ya yi ta kwanciya a wurin har tsatsa ta cinye shi, fenti ya rufe asiri. Kwan fitila mai caji ko na sola a sama da ƙasa ya wadatar idan an ɗauke wuta.

To, wa doka ke kamawa? Kotunan Najeriya na bin ƙa'idar sakaci da aka gada daga dokar Ingila, kuma tambayarsu ita ce wa ke da iko da wurin, ba sunan wa ke kan takardar fili kaɗai ba. Wata shari'a da kotun ƙolin Ingila ta yanke a 1966, tsakanin Wheat da kamfanin Lacon mai ginin, kan matakala ce ma: baƙo ya faɗo ya mutu a matakala marar haske wadda ƙarfen dafawarta bai kai ƙasa ba. Kotun ta ce mutum fiye da ɗaya na iya zama mai iko da wuri ɗaya, duk da cewa a ƙarshe ba ta ɗora wa kamfanin laifi ba, saboda ba a tabbatar da sakacinsa ba. Ma'ana, a gidan haya mai ɗakuna da yawa, matakalar da kowa ke bi tana wuyan mai gida da wakilinsa, a makaranta tana wuyan masu gudanarwa. Amma faɗuwa kaɗai ba hujja ba ce, sai an nuna aibin, an nuna shi ya jawo raunin. Idan wanda ya faɗi yana danna waya ko yana gudu, kotu na iya rage diyyar gwargwadon nasa kason.

Fiƙihun Malikiyya da malaman Zazzau ke karantarwa bai bar wannan babi ba. Mai katangar da ta karkata, aka yi masa gargaɗi, yana da halin gyarawa ya ƙi, idan ta faɗa wa wani shi zai lamunce. Ko alƙali zai yi ƙiyasin matakala a kan katanga, wannan nasa ne, amma muhimmancin gargaɗi a bayyane yake. Don haka ɗan haya ya daina tsayawa ga ƙorafin baki. Ya rubuta, ko saƙon WhatsApp ne mai hoto, ya adana.

Idan abin ya faru, kada a ciccibi wanda ya bugu a kai ko wuya a jefa a babur. A kai shi asibiti a kwance, a yi hoton ƙashi kafin a yi zancen mai ɗori, don zubar jini a cikin kai na iya ɗaukar sa'o'i bai nuna ba, tsofaffi kuma ƙashin ƙugu suke karyewa. A ɗauki hoton matakalar da tef a jiki kafin a gyara ta, a riƙe katin asibiti da rasit da sunayen shaidu. Ma'aikacin da ya faɗi a bakin aiki yana da hanyar neman diyya ta asusun inshorar ma'aikata na NSITF a ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Idan ginin na gwamnati ne a gaggauta ganin lauya, domin dokar kare jami'an gwamnati na iya taƙaita wa'adin shigar da ƙara zuwa wata uku.

Hukumar tsara birane ta KASUPDA ce ke ba da izinin gini a Jihar Kaduna, kuma zanen da ake kai mata yana ɗauke da matakala mai kyau a takarda. Ya kamata jami'anta su riƙa zuwa ranar da aka ɗaura katako, kafin a zuba kankare, lokacin da gyara ba zai wuce cire 'yan ƙusoshi ba, su kuma sake aunawa bayan an sa tayil kafin a bari 'yan haya su tare.