Bidiyon biki ne ya cece ni

Ɗan yayata ya gama karatu a Ngaundere ya dawo Garwa, uwarsa ta ce in riƙe shi a aikin manhajar lissafi da nake rubuta wa wasu dillalan albasa. Na zaunar da shi na karanta masa ƙa'idar Git, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da aka yi wa aiki: kafin ka taɓa komai ka yi pull, wato ka jawo sabon kwafin aikin, ka buɗe reshenka, wato layin aikinka na daban, kada ka kusanci main, babban reshen da kowa ya dogara da shi, ka duba git status ka ga abin da ka canza kafin ka tura, kowane commit, wato ajiyar canji a tarihi, aiki ɗaya da bayanin da mutum zai gane.

"To, Kawu," in ji shi, idonsa na kan waya.

Na jona masa intanet ɗin wayata na tafi masallaci. Kafin in dawo mega ta ƙare ƙaf. Ashe gogan naka git add da ɗigo ya buga, wato kwashe duk abin da ke cikin folda, a ciki kuwa har da bidiyon bikin abokinsa, da algaita da komai. Ya yi commit ya tura duka GitHub, shafin da muke ajiye aikin. GitHub kuwa ba ya karɓar fayil da ya wuce megabait 100, amma sai da ya bari aka gama loda kayan tukuna ya ce bai yarda ba. Ko ɗan dako ya fi shi kara.

Yaro ya goge bidiyon ya sake turawa. Aka ƙi. Git ba ya mantuwa, abin da ya shiga commit yana nan a tarihi ko ka share shi. Bayanan da ya rubuta kuwa: "gyara", "gyara kuma", "wallahi na ƙarshe".

"Kawu, har force na sa masa, ya ƙi."

Nan gumi ya karyo min, ba kuma na zafin Garwa ba. Force kuwa turawa ce ta ƙarfi, mai danne abin da ke can. A kan main ya yi, da tsohon kwafin da bai yi wa pull ba. Da turawar ta shiga, da ta danne duk lissafin buhunan da na tura a makon. Girman bidiyon nan kaɗai ya tare hanya.

Muka warware commit ɗinsa da reset, muka sa bidiyo a .gitignore, jerin fayilolin da Git ba zai ɗauka ba, ya buɗe reshe ya aiko pull request, wato roƙon a duba aikinsa kafin a haɗa shi da main, ni kuma na kulle main. Da yamma yayata ta bugo waya tana tambayar wai me ya sa na hana ɗanta taɓa babban aiki, kuma yaushe za a fara biyansa.