Gane-gane daban, sanin kai daban

Abin da ake yayi yanzu a intanet shi ne mutum ya fito ya ce wai ya ci laimar kwaɗi mai sa gane-gane ko ya sha LSD, wata ƙwaya mai irin wannan aikin, a dare ɗaya ya gano ko shi waye, ya yafe wa kowa, damuwar shekaru ta kau. Kana yin musu sai a jefo maka sunan jami'a. To binciken dai an yi shi, ba ƙarya ba ne, amma abin da likitoci suka gwada da abin da mutum ke yi shi kaɗai a ɗaki, hanyar jirgi daban ta mota daban.

Tun 2006 tawagar Roland Griffiths a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta fara fitar da sakamako kan silosaibin, sinadarin da ke cikin laimar, a 2016 kuma suka nuna ya rage wa masu ciwon daji damuwa da fargabar mutuwa har na watanni. Amma duba fa yadda ake yin abin. Sai an tantance ka tukuna, in akwai mai taɓin hankali a danginka na kusa shi ke nan an sallame ka, in ka tsallake a yi ta zama da kai ana shirya ka kafin ranar, a auna maganin daidai, ƙwararru biyu su tsare ka wajen awa 6 zuwa 8, bayan nan a dawo a warware abin da ka gani. Wato waɗanda abin zai fi yi wa illa tun a bakin ƙofa aka cire su. Shi na gida wa ya tantance shi? Bai ma san ƙarfin abin da aka sayar masa ba, ga wanda ke kan maganin litiyam, wanda ake ba masu wani ciwon ƙwaƙwalwa, in ya haɗa su zai iya kamuwa da jijjiga.

Ni inda ya fi damuna ma ba nan ba ne, maganar "na gano kaina" ɗin ce. Waɗannan sinadarai suna taɓa hanyoyin sirotonin, wani sinadari mai kai saƙo a ƙwaƙwalwa, su sa duk tunanin da ya faɗo maka ka ji shi da nauyi kamar ba a taɓa gaskiya irinta ba. Ai wannan yaƙinin shi kansa aikin maganin ne. Zai manne wa tunani mai kyau, zai manne wa shirme, kuma kai da ke ciki ba ka da ma'aunin rarrabewa, sai ka wayi gari ka ajiye aiki ko ka yanke zumunci saboda abin da ka "gani". A 2023 wani matuƙin jirgin sama a Amurka da ba ya bakin aiki ya yi yunƙurin kashe injinan jirgi ana cikin tafiya, ya ce ji ya yi kamar mafarki yake, kwana biyu bayan ya ci laimar.

Masu shan ɗan mitsitsin waɗannan sinadarai a kai a kai don wai walwala kuwa, binciken Imperial College ta Landan a 2021 ya nuna waɗanda suka haɗiyi kwanson wofi ba su sani ba su ma kusan haka suka ji daɗi.

Ba na cewa a rufe bincike, ina, mai ciwon damuwa da magunguna suka gaza masa yana da haƙƙin a nema masa mafita. Ostireliya ta halatta silosaibin a Yulin 2023, amma ta hannun likitocin ƙwaƙwalwa masu izini kawai, ga mai ciwon damuwa da ya ƙi jin magani. Hukumar FDA mai kula da magunguna ta Amurka kuma a Agustan 2024 ƙin amincewa ta yi da MDMA, wata ƙwayar da aka nemi a halatta ta a matsayin magani, ta ce a je a ƙara gwaji.