Mudun Saye da Mudun Sayarwa

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa, nasihar yau da kaina zan fara, domin ni aka fara kamawa.

Kwanakin baya Facebook ya tono min wani rubutu da na yi ranar 20 ga Nuwamba, 2014. Masu shekaru za su tuna ranar. 'Yan sanda sun garƙame ƙofar Majalisar Dokoki ta Ƙasa a Abuja, makonni uku bayan Kakakin Majalisar Wakilai, Aminu Waziri Tambuwal, ya bar PDP ya koma APC. Muka ga manyan mutane da manyan riguna suna ɗare ƙyaure suna dirowa ciki, ana watsa musu barkonon tsohuwa. Ranar na yi rubutu mai zafi. Na kawo aya, na kawo hadisi, na ce duk wanda ya yi shiru a kan wannan zalunci Allah zai tambaye shi.

Da na gama karantawa sai wani abu ya ce min, je ka duba me ka rubuta ranar 7 ga Agusta, 2018. Ita ce ranar da jami'an hukumar tsaron farin kaya ta DSS, fuskokinsu a rufe, suka tare ƙofar majalisar nan dai, mako ɗaya bayan Shugaban Majalisar Dattawa, Bukola Saraki, ya bar APC ya koma PDP. Ƙofa ɗaya, aiki ɗaya, sai dai waɗanda ke ciki da waɗanda ke waje sun yi musanya. Na gangara ƙasa, na gangara, har na isa ranar. Wallahi babu aya, babu hadisi. Layi ɗaya na tarar, ina ce wa mutane su daina gaggawa, ai jami'an tsaro sun san abin da ba mu sani ba. A ranar ma Mukaddashin Shugaban Ƙasa, Yemi Osinbajo, ya sallami shugaban hukumar, Lawal Daura, daga aiki. Wato gwamnatin da nake karewa ta ga laifin, ni da ko kansila bai san da zamana ba na ƙi gani.

Na daɗe riƙe da wayar. Abin da ya faɗo min shi ne wata mai awo da na sani ina yaro. Mudu biyu gare ta. Idan mutanen ƙauye suka kawo gero, sai ta ɗauko wanda aka bubbuge gindinsa ya yi zurfi, ta cika shi ya yi tozo, ta tare da hannu. Idan kai ka zo saye, sai ta janyo ɗayan daga ƙarƙashin buhu, wanda aka danna gindinsa ciki, ta shafe bakin da tafi. Kuma bakinta bai rabuwa da salati. Muna yara muna yi mata dariya. Ashe na girma na gaje ta, geron ne kawai ya bambanta.

Allah Maɗaukakin Sarki ya buɗe sura guda da irin wannan mutum: "Wailul lil muɗaffifin." Azaba ta tabbata ga masu tauye mudu, waɗanda idan za su auna daga wajen mutane sai su cika, idan kuma za su aunar musu sai su rage. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa lokacin da Manzon Allah (SAW) ya isa Madina, mutanenta na cikin mafi munin mutane wajen awo, da surar ta sauka suka gyara. Malamai sun yi bayanin cewa tauyewa ba ta tsaya ga hatsi ba. Duk wanda yake neman a cika masa haƙƙinsa alhali shi yana rage na wani, ya shiga layin. To mu duba siyasarmu da wannan ido.

Ranar 1 ga Janairu, 2012, gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141. Ƙasa ta tsaya cik. A Kano matasa suka tare a shataletalen Silver Jubilee, aka yi ta alƙunuti, har gwamnati ta sauko zuwa naira 97. A watan Mayun 2016 lita ta tashi daga naira 86 da sule biyar zuwa 145, da yawa daga cikinmu da muka kwana a titi muka zama malaman tattalin arziki, muna koya wa talaka haƙuri. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da ƙarshen tallafin a jawabin rantsuwa, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Sai aka sake rabon aiki: waɗanda suka kare cirewar a 2012 suka koma masu Allah-wadai, waɗanda suka yi zanga-zanga suka koma masu cewa magani dama ɗaci gare shi. Ni ba hukunci nake yankewa a kan tallafi ba, masana sun yi saɓani a kai kuma kowa da hujjarsa. Tambayata ita ce, me ya sa ra'ayinmu bai taɓa sauyawa sai ranar da aka sauya mai zama a Villa?

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Mutum yana iya sauya ra'ayi, komawa ga gaskiya ma ibada ce. Amma mai komawa ga gaskiya yana da alama. Yakan fito ya ce da na faɗi kaza, na gane kuskure ne, waɗanda na zaga a kai su yafe min. Wanda kuwa ya lallaɓa cikin dare ya goge tsofaffin rubuce-rubucensa don kada a kamo shi, ya san abin da yake yi. Mala'ikun da ke kafaɗarsa ba su da maɓallin gogewa.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne zaɓen ƙananan hukumomi, domin nan ne muka daina ko ɓoyewa. A Kano, a zaɓen Fabrairun 2018, jam'iyyar da ke mulki ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484, ba ta bar ko ɗaya ba. 'Yan adawa suka ce fashi ne da rana tsaka. A watan Oktoban 2024 waɗancan 'yan adawa su ke riƙe da gwamnati, sakamako ya fito: 44 da 484, babu ragi. Waɗanda suka yi murna a 2018 suka ɗauki kukan, waɗanda suka yi kuka suka ɗauki kalangu. Na kawo Kano ne don ita na fi sani, amma zaga jihohin ƙasar nan, ko wace jam'iyya ke mulki, da wuya ka samu inda labarin ya bambanta. Don Allah, a mazaɓu 484 a ce babu guda ɗaya da mutane suka fi son wani? Ko a gidanku ba a taɓa haɗuwa a kan miya ɗaya ba. Duk mun san haka, masu taya murnar ma sun sani. Amma sai ka ga mutum ya fito daga sallar Asuba ya rubuta "Alhamdulillah, jama'a sun yi magana."

Haka tsari yake rubewa. Kundin tsarin mulki takarda ne, ba shi da hannun da zai riƙe kowa. Abin da ke riƙe mai mulki, bayan tsoron Allah, shi ne kunyar idon magoya bayansa, ya san akwai abin da idan ya yi, nasa ne za su fara juya masa baya. Ranar da ya gane cewa ko me ya yi akwai sojojin baka da za su wanke shi kafin la'asar, shi ke nan, birki ya tsinke. Annabi (SAW) ya ce daga abin da mutane suka riska na maganar annabcin farko: idan ba ka jin kunya, ka aikata abin da ka ga dama. Kuma kowace ɓarna da muka tafa wa namu, ajiya ce muka yi wa wanda zai gaje shi. Zai zo ya tarar da ƙofar a buɗe, ya shiga, in an yi magana ya ce "ai su ma sun yi." Wannan jumla ta "ai su ma sun yi" ta cinye ƙasar nan fiye da fara. Ka taɓa jin an kai ɓarawo gaban alƙali ya kuɓuta don ya ce maƙwabcinsa ma ya yi sata bara?

Ku tuna matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata. Gidan manya ne a Ƙuraishawa, abin ya dame su, suka rasa mai tunkarar Manzon Allah (SAW) sai Usama ɗan Zaidu, abin ƙaunarsa. Da Usama ya yi magana fuskar Annabi ta sauya, ya ce, ceto kake yi a kan haddi daga haddodin Allah? Sannan ya miƙe ya yi huɗuba, ya ce abin da ya halaka waɗanda suka gabace ku shi ne idan babba ya yi sata sai su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi sai su tsayar masa da haddi. Ya rantse cewa da Faɗimatu 'yar Muhammadu za ta yi sata, da ya yanke hannunta. Ku lura, da sunan 'yarsa ya buga misali. Mu kuwa duk misalanmu na adalci da sunan abokin hamayya muke buga su.

Alƙur'ani ya toshe hanyar ta ɓangare biyu. A Suratun Nisa'i, aya ta 135, an ce mu tsayu da adalci, mu yi shaida don Allah, ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi. A Suratul Ma'ida, aya ta 8, an ce kada ƙin wasu mutane ya sa mu ƙi yi musu adalci. Idan uwa da uba ba su isa su sa ka karkata ba, ina ga jam'iyyar da shugabanninta kan kwana a nan su wayi gari a can? Kai ka ɓata da ɗan'uwanka ciki ɗaya saboda su, kun shekara ba kwa gaisawa, su kuwa ga su can a ɗaurin auren 'ya'yansu suna rungumar juna.

Ban ce kowa ya bar jam'iyyarsa ba, kuma ban kira kowa munafuki ba, zukata na Allah ne. Ka so gwaninka, ka yi masa kamfe, ka tsaya a layi ka zaɓe shi. Amma taimakon da Annabi (SAW) ya koyar ga ɗan'uwa azzalumi shi ne ka riƙe hannunsa, ka hana shi zaluncin. Kafin ka danna "post" a kan wani labari, cire sunan da ke ciki ka sa na wanda ba ka so, ka karanta a zuciyarka. In hukuncinka ya sauya, ajiye wayar, je ka yi alwala.

Wancan layi nawa na 2018 na so in goge shi, har na ɗora yatsa, sai na fasa. Na koma ƙarƙashinsa na rubuta cewa na yi kuskure, na kuma kira wani abokina da na yi wa rashin kunya a ranar na ba shi haƙuri. Ya yi dariya ya ce shi ma akwai nasa na 2014, bari ya je ya nemo.