Sharhi daga Garwa

Malamin da kuka ruwaito yana cewa ladabin magana har WhatsApp ya shafa, wallahi ya yi gaskiya. Mu nan Garwa, a zauren 'yan kasuwarmu wannan ya turo saƙon murya da Fulatanci, wancan ya amsa da Faransanci, a fassara rabi a bar rabi, sai rigima. Suratul Hujurat aya ta 6 ta ce a binciki labari, ta 11 ta hana izgili, ta 13 ta ce an yi mu ƙabilu don mu san juna.

Amma wasan Fulani da Barebari fa? Ido da ido dariya ake yi, a rubuce kuwa baƙo zagi yake gani. Malam bai taɓo wannan ba.