Ko Bangon Ma Ba a Ƙarasa Ba

Wallahi na so in yi shiru. Sati guda ina haɗiye abin nan, ina ce wa kaina babba juji ne. To amma juji ma in shara ta yi masa yawa wuta ake cinna masa. Ba zan kama suna ba, ba halina ba ne. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Waɗanda muka daɗe tare sun san duk ƙarshen wata nakan zo in faɗi abin da na karanta, wanda ya yi mini daɗi da wanda ya ƙona mini rai. Ban taɓa kiran abin nazari ba, hira ce. A watan nan littattafai uku na gama: Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda rabona da shi tun ina aji uku a sakandare, sai Shaihu Umar, sai labarin Baba ta Karo da na maimaita. Na rubuta cewa na farkon ya sa ni kuka a kicin har miyata ta kama. Iyakar laifina ke nan.

Sai aka tashi a wani zama da ban halarta ba, aka gyara zaman gilashi, aka ce wai akwai masu kiran kansu ma'abota karatu alhali har yau 'yan littattafan bakin kasuwa suke lasa, irin na 'yan aiki da matan kulle. Wai wasu kuka ne iyakar fahimtarsu. Aka yi dariya, har da tafa hannu. Mutum biyu suka kawo mini zancen, kowacce daban, kuma bakinsu ya zo ɗaya, don haka kada a ce an ƙara gishiri.

Da a nan aka tsaya da na bar wa Allah. Sai shekaranjiya ga hoto a Facebook. Kofin shayi, gilashi a gefe, hannu ya sha lalle, an ɗora shi a kan wani littafin Turanci da aka ce daga waje aka yo odarsa. A ƙasa aka rubuta wai irin wannan adabin ya kamata matan Arewa su riƙa karantawa su bar shirme. Na ƙara girman hoton. Na sake ƙarawa. Jama'a, Alhaki Kuykuyo Ne fa! Shi ɗin dai, wanda aka yi mini dariya a kansa. Hajiya Balaraba ta fitar da shi da Hausa a 1990, Malam Aliyu Kamal ya mayar da shi Turanci, wani kamfani a birnin Chennai na Indiya ya buga a 2012. Kwikwiyon nan dai shi ne, Indiya kawai ya je ya dawo da Turanci a baki, sai ga shi an shimfiɗa masa darduma. Sunan marubuciyar kuwa yana nan ɓaro-ɓaro a saman littafin, daidai inda ɗan yatsa mai zobe ya tsaya.

Da ina cewa karatun bango ake yi. Ashe na yi zato mai kyau da yawa. Ko bangon ma ba a ƙarasa ba.

Tunda dai an saya, bari in taimaka da abin da ke ciki, ko a samu na faɗa a zama na gaba. Akwai wata mata Rabi, 'ya'yanta tara. Mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rumfar yadi, hannunsa a sake yake a waje, a gida kuwa kamar an ɗaure da igiya. Ya auro Delu, aka yi rikici, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ta koma sayar da abinci tana riƙe su, har 'yarta Saudatu ta yi aure gidan rufin asiri. Shi kuma gobara ta cinye masa rumfa, wadda ya kori iyalinsa dominta ta juya masa baya. Abin da ya hana ni barci shi ne ƙarshen, inda aka taru a kan Rabi ana ba ta baki ta koma. Da ina yarinya na ɗauka daɗi ne, an shirya, an koma gida. Yanzu da na san mene ne aure, sai na ji kamar in shiga cikin takardar in tsaya a bakin ƙofa in ce ba inda za ta. Wanda ya watsar da ke da ƙoshinsa, yau da yunwa ta kama shi kuma ke ce magani? Har yanzu ban yanke wa kaina ko marubuciyar ta yarda da wannan komen ba ne, ko kuwa tana nuna mana yadda muke ne don mu ji kunya. Na fi karkata ga na biyu.

Kukan kuma da ake yi wa dariya, bari in faɗi daga ina ya fito, tunda an matsa. Ni 'yar mai tuwo-tuwo ce. Ba ɓoyewa nake ba, kuma wadda nake magana da ita ta sani sarai, don ta ci tuwon. Shekara shida Ummanmu tana tashi kafin kiran assalatu tana hura icce, idonta ja wur saboda hayaƙi, ni ina wanke kwanuka kafin in sa kayan makaranta, hannuna yana warin daddawa har cikin aji. Mu bakwai ta riƙe a ɗaki biyu. Ranar da aka zo bikonta ina laɓe bayan labule, na ji irin maganganun da aka faɗa wa Rabi, kusan kalma da kalma: ki duba yaran nan, ki yi don Allah, mace ba ta da ɗakin da ya wuce na mijinta. To in na karanta wannan ban yi kuka ba, me zan yi? In ɗauki hoto?

Kai, ni fa abin da ya fi ci mini rai ba dariyar ba ce. Kalmar nan ce ta 'yan aiki da matan kulle. Su waye matan kullen? Ba iyayenmu ba ne? Ita kanta marubuciyar tana ƙaramar yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta koma karatun manya ta kama alƙalami. Matan kullen nan su suka riƙa aiken yara shagon haya da 'yan canjin cefane, a karɓo littafi a dawo da shi gobe, ɗaya ta karanta a bayyane huɗu suna saurare suna tsinke zogale. Da yawansu da littattafan nan suka iya haɗa baƙi a boko. Mu ma da su muka koya, a ɓoye cikin littafin lissafi, ana kama mu ana zane mu. Har ƙona littattafan an yi a bainar jama'a a Kano a 2007, ba su mutu ba. Sai ke ce za ki kashe su da murguɗa baki?

Ba wannan ne na farko ba ma, shi ya sa. 'Yan zamanmu na da za su tuna. Shekara biyu da suka wuce aka ari littafina na Baba ta Karo, wai kwana goma. Wata bakwai ya yi. Ranar da ya dawo akwai zoben gindin kofi a bangonsa, ruwan shayi ya busar ya bar da'ira, ga katin waya da aka kankare an soke shi a shafin farko na gabatarwa. Nan aka tsaya. Amma a zaman watan aka miƙe, aka yi gyaran murya, aka ce wai gaskiya dattijon nan Baba ya burge, irin mazan jiya ne da babu kamarsu yanzu. Ɗakin ya yi tsit. Baba fa mace ce, jama'a. A ƙarƙashin sunan littafin an rubuta mace ce Bahaushiya Musulma, layi na biyu, ba sai an buɗe ba. Ko bangon ma ba a ƙarasa ba.

Wa ya rufa asiri ran nan? Ni. Ni na yi maza na ce tuntuɓen harshe ne, na ja zancen wani wuri. Yau ni ce mai lasar littafin bakin kasuwa. Madalla.

Ita kuwa Baba, Allah ya ji ƙanta, da an wuce katin wayar da an sha hira. An haife ta wajen 1877, ta ga zamanin kafin zuwan Turawa da idonta. Wata Baturiya Mary Smith, matar wani mai binciken al'adu, ita ta zauna da ita a Giwa ta ƙasar Zazzau daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 tana rubuta abin da take faɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, ba ta ko gan shi ba. Aure huɗu ta yi, ba ta taɓa haihuwa ba, ta riƙe 'ya'yan dangi, kuma ko kaɗan ba za ka ji tana neman a tausaya mata ba. Ta yi zancen ƙawance, da kishi, da bori, da yadda mace ke fita daga auren da ba ta so, ba kunya ba kwana-kwana. Wurin da ya tsaya mini a wuya shi ne zancen bayi. Danginta suna da rinji, wato ƙauyen bayi, bayin na yi musu noma, su kuma kansu mahara na iya kama nasu a hanya sai an tara kuɗin wuri an fanso. Tana faɗa kamar yadda za ki ce an yi ruwa jiya. Na rufe littafin na daɗe ina tunanin ta wane ɓangare kakannina suke, masu rinjin ko na cikinsa. Ba wanda ya taɓa gaya mana a gida, kuma na lura ba a son tambayar.

Shi ya sa na bi shi da Shaihu Umar, don in ji yadda ƙagaggen labari zai ɗauki wannan nauyin. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana malamin makaranta a Bauchi, don gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 da ta haifar da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Zan faɗi ra'ayina ko za a ce na yi rashin kunya ga manya: shi Umar ɗin bai kama ni ba, ya cika sanyi, komai ya same shi sai haƙuri. Uwarsa ce littafin. Matar da ta bar gida neman ɗanta, aka kama ta aka sayar, ta ƙetare hamada a baiwa, ta gan shi a ƙarshe ba ta daɗe ba ta cika. A nan ma na yi kuka, a rubuta a kai zama na gaba.

Kuma ni ba na ƙaryar gamawa. Watan jiya na ɗauko wani na koyon tara dukiya da kowa ke yayi, na kai shafi 40 na ajiye, na fito na ce ya gundure ni. Turancina ba mai yawa ba ne, da ƙamus a gefe nake bin wasu, wani shafin sai na karanta sau uku. Ban yi digiri na biyu ba, ban taɓa hawa jirgi ba, ba ni da kanta mai fitila da aka jera littattafai kala-kala, ja wajen ja, shuɗi wajen shuɗi, kamar kwanukan jeren amarya. Nawa a kwali suke ƙarƙashin gado, wasu ɓera ya ɗanɗana. Amma ki zaro kowanne ki buɗe inda kika ga dama ki tambaye ni. Ke fa? A zaro miki wanda ke cikin hoton a tambaye ki sunan kishiyar Rabi. Af, na ma riga na faɗa miki a sama. Ki gode mini.

Na san yanzu za a fara kiran waya, wance kin ga abin da ta rubuta, da wa take? A turo mini 'yan ba da haƙuri, a ce ba da ni ake ba ran nan, wasa ne. Kada kowa ya wahalar da katinsa. Hoton ma na ga an goge shi da safiyar nan, sai dai an makara, yana wayata, yana wayar mutum biyun nan.

Saura abu ɗaya. Magana Jari Ce na biyu, mai yagaggen gefe, wanda aka ara tun kafin azumin bara wai za a karanta wa yara. Na Ummanmu ne, da sunanta a ciki da jan biro. Gobe bayan la'asar zan turo yaro. A goge masa shayin kafin ya iso.