Ranar da Teku Ya Ƙwace Mini Hula

Ni haifaffen Argungu ne, kuma duk wanda ya san Bakabe ya san ba a yi masa gorin ruwa. Tun ina yaro nake zuwa bikin kamun kifi a Matan Fada, inda dubban masunta suke rugawa cikin gulbi da homa da gora. Abin da ban cika faɗa wa baƙi ba shi ne, duk shekarun nan daga kan tudu nake kallo, da karan rake a hannu, kuma iyakar gwanintata ita ce ruwan fadamar shinkafa wanda bai wuce gwiwa ba.

Da aka ba mu hutun makaranta sai na ɗaura niyyar sada zumunci a Legas. Na sauka a Agege, gidan kawuna da ya daɗe yana cinikin shanu a abbatuwar Oko-Oba. Bayan an ci an sha, na zaro takardar da na tsara tun daga gida: da safe zan gaishe da gwaggo a Idi-Araba, da azahar in leƙa tsohon abokina a Obalende, da la'asar kuma in je in ga tekun nan da ake ta zuzutawa. Kawu ya karɓi takardar ya juya ta, ya miƙo mini, ya ce, "Ɗana, a Ikko mai hankali gida guda yaka zuwa a yini." Na yi murmushi irin na malamin makaranta, na ce masa ai komai tsari ne.

Gosulo ya cinye tsarin tun kafin mu kai Oshodi. Na isa gidan gwaggo ana kiran la'asar, ta tsare ni da malmala uku na tuwo da tambayar lafiyar duk wani mai rai a unguwarmu, har da waɗanda ita da kanta ta aiko da ta'aziyyarsu.

Washegari na shiga danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, zuwa Obalende, muka hau gadar Third Mainland, wadda aka buɗe a 1990, tsawonta kusan kilomita 12. Da na ga ruwa dama da hagu, ga gidajen Makoko a tsaye bisa turaku, ban san lokacin da na ce da ƙarfi, "Allahu Akbar, ga teku!" ba. Wani dattijo mai goro da ke kusa da ni ya dube ni da tausayi ya ce, "Malam, wannan kududdufinsa ne kawai." Na ba shi amsa cewa mu Kabawa ba a nuna mana ruwa, ya gyaɗa kai ya ci gaba da jan carbinsa.

Abokina, wanda rabona da shi tun muna sakandare a Birnin Kebbi, ya tarbe ni da tsire mai yawan da ya kamata a ce mutum ya nemi tabarma bayansa. Na ce ya kai ni Bar Beach da muke ji tun muna yara, ya ce wannan ai an cike shi da yashi ana gina sabon birnin Eko Atlantic a kai, sai dai mu nufi Lekki. A can aka karɓi kuɗin shiga, abin da har yau yake yi mini ciwo, domin ban taɓa jin inda ake biya don a kalli ruwan Allah ba.

Da idona ya sauka a kan tekun, gaskiya cikina ya ɗuri ruwa, saboda babu gaɓar tsallake, babu ko itace guda da mutum zai sa wa ido. Amma na riga na cika baki a cikin mota cewa a gulbi aka yanke mini cibiya, ga kuma 'ya'yan abokina biyu sun zuba mini ido. Na naɗe ƙafar wando, na tattare babbar riga a kafaɗa, na taka da takalmi a ƙafa har inda yashi yake da danshi. Igiyar ruwa ta farko ta zo a hankali ta shafi idon sawuna, na juyo ina yi wa yaran bayanin cewa ruwa ya san nasa. Ashe gulbi gefe guda yake tafiya, shi kuwa teku zuwa yake yi ya koma, kuma in zai koma yakan kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum. Ina cikin gyara tsayuwa sai igiya ta biyu ta iso daga bayana kamar bangon da ya faɗi.

Na sha ruwan gishirin da zai ishi miyar gidan biki. Babbar rigar ta lulluɓe mini kai, na yi ta iyo da hannu da ƙafa ina salati, har na ji an cafke ni ta wuya. Wani yaro mai ba da hayar doki ne, wanda bai fi ɗalibaina ba, kuma da ya tsayar da ni sai na ga ruwan ko cinyata bai kai ba. Hulata kuwa tana can tana lilo a kan kumfa, ta nufi inda jiragen ruwa suke jere. Takalmi ɗaya ya bi ta, waya ta mutu a aljihu.

Na koma Agege da daddare cikin rigar aro da silifas. Kawu yana zaune a ƙofar gida, ya ce, "Mi as samu hularka?" Na ce iskar bakin teku ce ta fizge ta. Bai ce uffan ba, ya juyo mini fuskar wayarsa, na ga kaina ina birgima cikin riga, muryar abokina tana tashi da dariya. Daga Argungu aka turo masa ta WhatsApp, a zauren danginmu.

Tun da na dawo, 'yan majalisarmu Sarkin Ruwan Ikko suke kirana, ɗalibai kuma sun fara ɗauka. Warin takalmin yana nan a ƙarƙashin gado, uwargida ta hana a jefar, wai ko teku zai aiko da ɗan'uwansa.